Ɗigon da ke Ƙarƙashin Famfo: Nasiha ga Samarin Mafara, Bakura da Maradun

Ya ku 'ya'yana samarin Talata Mafara da Bakura da Maradun, musamman waɗanda Allah ya sanya abincinsu a jikin mota, ko direba ne, ko yaron mota, ko mai koyon gyara a gareji, ko kuwa ɗan da mahaifinsa ya damƙa wa makullin tsohuwar motar gida, ina so ku ba ni aron hankalinku in yi muku magana a kan wani ɗan ƙarfe wanda girmansa bai wuce ƙwaryar shan fura ba, wanda ba a ganinsa sai an ɗaga bonet an leƙa bayan fanka, amma in ya ƙi aiki, to, motar da ake taƙama da ƙarfinta ba ta fi gungumen itace ba. Wannan ƙarfe shi ne famfon ruwa, wanda makanikai ke ce wa wata-famfo.

Mu mutanen wannan yanki ya kamata mu riga kowa fahimtar darajar famfo, domin Allah ya ajiye mana darasinsa a ƙofar gida. Tsakanin shekarar 1974 da 1978 aka tare Gulbin Sakkwato aka gina madatsar ruwa ta Bakolori, aka tara ruwa mai yawan gaske, aka tsara cewa zai shayar da gonaki kimanin hekta 23,000 a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun. Wani sashe ruwa ke gangarawa cikinsa da kansa ta hanyar kwalbatoci da magudanai, amma sashe mafi girma, wajen kashi biyu bisa uku, an shirya shi ne a kan feshi, wato sai manyan famfuna sun tura ruwa cikin bututu kafin ya kai ga shuka. Dattawanku shaidu ne ga abin da ya auku sa'ad da waɗannan famfuna suka tsaya: madatsa na cike, ruwa na ƙyalli a rana, ga gonaki kuwa a gefe suna ƙishirwa. Ku riƙe wannan misali da kyau, gama haka cikin mota yake. Lagireto shi ne madatsa, injin shi ne gona, famfo kuwa shi ne mai kai ruwa. Cikar lagireto ba ta amfanar injin da kome muddin ruwan na kwance wuri ɗaya.

Tsofaffin motocin nan masu jan ƙafa huɗu, tun daga Land Rover da aka fara ƙerawa a Ingila a shekarar 1948, wadda iyayenmu suka saba gani da ma'aikatan gona da na lafiya da na dabbobi, har zuwa Land Cruiser da Hilux na kamfanin Toyota da suka gaje ta a hanyoyinmu, ba don ado ake riƙe da su a nan ba. Su ne ke shiga fadama su fito da shinkafa da albasa da tumatir da rake, su ne ke ratsa yashin rafi da rani da laka da damina, su kai kaya kasuwar Talata, su kai majinyaci asibiti daga ƙauyen da ƙaramar mota ba ta ko mafarkin zuwa. Irin wannan aiki kuwa shi ne mafi tsanani ga injin, domin idan mota ta shiga yashi da lodi, aka sa mata babbar giya ta ja da ƙafa huɗu, injin yana kuka da dukan ƙarfinsa alhali motar tafiyar hawainiya take yi, iskar da ke bugun lagireto daga gaba ta yi ƙaranci, ga kuma zafin bazara na watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. A irin wannan hali rayuwar injin ta rataya ne ga abu uku: ruwa, da fanka, da famfo.

Ya kamata ku san yadda abin yake aiki, domin ilmi shi ke gaba da aiki, kuma wanda ya san dalili ba ya manta hukunci. Man da ke ƙonewa cikin injin, kusan kashi ɗaya bisa uku na zafinsa ruwa ne ke kwashe shi. Maƙera sun bar hanyoyi a cikin jikin injin da kansa, kewaye da silinda, ruwa na bi ta cikinsu ya ɗauki zafi, ya fita ta tiyon sama zuwa lagireto, iska ta sanyaya shi, ya dawo ta tiyon ƙasa. Mai wannan kai da komowa shi ne famfo. A cikinsa akwai 'yar farfela mai fikafikai da ke juyawa cikin ruwa. Tana maƙale da wata sandar ƙarfe da ke juyawa a kan boris. A ɗaya bakin sandar akwai fuli da fambel ke ja, kuma a yawancin tsofaffin motoci a nan ne aka ɗaura fanka. Tsakanin ruwa da boris akwai sil, wanda aikinsa shi ne hana ruwa isa ga boris. A ƙarƙashin famfon kuma, saboda hikimar waɗanda suka ƙera shi, an bar wani ɗan rami da bai fi ƙwayar dawa girma ba, domin ranar da sil ya fara gajiya, ruwan da ya tsallake ya ɗigo waje mai mota ya gani. Wannan ɗan rami shi ne bakin famfo, ta nan yake kai ƙara.

Ni ban san haka ba sai da na sha wuya, kuma ina ba ku labarin ne domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ina saurayi na yi yaron mota a wurin kawuna, wanda ke da wata tsohuwar Land Rover da yake jigilar amfanin gona daga wajen Bakura zuwa Mafara. Aikina ne kowace safiya in duba baƙin mai da ruwa. Sai na lura kullum ruwan na raguwa kamar cikin moɗa guda, a ƙasa kuma, daidai ƙarƙashin fanka, akan sami ɗan danshi a ƙasa kamar inda akuya ta tsaya. Ni kuwa sai in ɗebo ruwan rijiya in cika, in rufe, in ce wa kawu kome lafiya, ina ganin ai na sauke nauyin da aka ɗora mini. Aka yi makonni a haka, har wata ranar Talata da bazara muka taso da buhunan shinkafa da fasinjoji, cikinsu har da wata tsohuwa da 'ya'yanta za su kai asibiti. Muna tsakiyar yashin wani rafi sai muka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, tururi ya turnuƙe daga bonet, injin ya yi tari ya mutu. Muka ɗauko tsohuwar nan muka kwantar da ita a inuwar wata ƙanya, tana numfashi da ƙyar, 'yarta na yi mata fifita da gefen mayafi, tun hantsi har bayan azahar kafin Allah ya kawo wata mota. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma har yau idan na tuna idanunta a ƙarƙashin itacen nan sai jikina ya yi sanyi.

Da aka jawo motar gareji, wani dattijon makanike, Allah ya jiƙansa, ya kwance famfon ya juya shi a hannu, sandar na rawa kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa, farfelar kuwa tsatsa ta cinye fikafikanta saura kututture. Bai yi mini tsawa ba. Ya kira ni, ya kama yatsana ya ɗora a kan wani farin busasshen abu mai kama da kanwa da ya yi layi daga ɗan ramin nan zuwa ƙasa, ya ce, "Yaro, wanga farin da kag gani, ba na jiya na ba. Ya kai wata ukku shina yi ma magana, kai ko ba ka amsa mishi ba." Gasket ya ƙone, kan injin ya tsage, kawu ya sayar da shinkafar da ya ajiye domin cin gida kafin motar ta sake tashi. Abin da kawai ya ce mini shi ne, "Ɗana, da ka hwaɗa mini, da kuɗin buhu guda sun ishe mu." Wannan magana ta fi mini bulala ciwo, domin a ranar na gane cewa ƙara ruwa da na riƙa yi rufa-rufa ce, kuma wanda ya ɓoye aibin abin da aka ba shi tsaro ya ci amana ko da bai ɗauki ko anini ba.

Saboda haka ku koyi jin harshen famfo, gama ba ya mutuwa sai ya yi sallama. Alama ta farko ita ce ruwan da ke raguwa kullum. Ruwa ba ya tsami banza, kuma lagireto mai lafiya ba ya neman ƙari kowace safiya. Ta biyu, danshi ko farin layi ko jan tsatsa a ƙarƙashin famfo. Ku sunkuya da tocila ku duba, ko ku shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare ku ga inda ya jiƙe da asuba. Ta uku, rawar boris: idan injin na kashe kuma ya huce, a kama fiffiken fanka a jijjiga shi gaba da baya, in aka ji sandar na motsi, boris ya tafi. Ta huɗu, ƙara, ko gurnani ko kuka mai kama da niƙa, daga gaban injin. Ta biyar, allurar zafi da ta fara hawa sama da inda ta saba tsayawa, musamman a hawa ko cikin yashi. Motar da allurarta ta mutu kuwa, gyara ta wajibi ne kafin a sake ɗaukar rai a ciki, domin tuƙa ta daidai yake da tafiyar makaho babu sanda.

Game da kiyayewa, babban abin da ke kashe famfo a wurinmu shi ne irin ruwan da muke ɗura wa mota. Ruwan rafi da na kududdufi na ɗauke da yashi, yashin nan kuwa shi ke goge sil kamar yadda dutsen niƙa ke cin tsaba. Ruwan rijiya mai gishiri yana barin ɓawo a cikin hanyoyin lagireto har su toshe. Ruwa zalla kowane iri ne yana haifar da tsatsa. Ruwan nan mai launin kore ko ja da ake sayarwa a galan, da yawa suna cewa na ƙasashen sanyi ne, alhali a cikinsa akwai maganin tsatsa, kuma yana jinkirta tafasa. A haɗa shi da ruwa mai tsabta yadda aka rubuta a jikin galan, a sauya shi kamar bayan shekara biyu. Sai dai ku sani guba ne mai zaƙi, kada a zubar da shi inda yara ko awaki ko kaji za su kai baki. Ku guji zuba ƙwai ko barkono ko garin sabulu don tsayar da yoyo, domin abin da ya toshe ƙofar yoyo zai toshe hanyar ruwa. Fambel kuma a ɗaure shi tsaka-tsaki, yadda in an danna tsakiyarsa da babban yatsa zai lotsa kamar santimita ɗaya. In ya yi sako-sako zai riƙa zamewa famfo ya yi kasala, in ya yi tsauri ainun zai ja sandar gefe guda ya kashe boris. Bayan kaka, a wanke ƙaiƙayi da ƙura daga saƙar lagireto, ana watsa ruwa daga baya zuwa gaba.

Akwai abubuwa biyu da ake rainawa. Na farko murfin lagireto. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, amma murfin nan, saboda sifirin da robar da ke cikinsa, yana danne ruwan har ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Wanda ya maye gurbinsa da tsumma ko leda ya zubar da wannan rata duka. Na biyu tamostat, ɗan ƙyauren da ke rufe hanya har injin ya ɗumama, sa'an nan ya buɗe, a injuna da yawa wajen digiri 82. Al'ada ta yaɗu a garejojinmu cewa da mota ta ɗau zafi sai a cire shi a jefar. In ya lalace, sauya shi ake yi. Cire shi ba ya warkar da toshewar lagireto ko mutuwar farfela, sai dai ya ɓoye ciwon, ya kuma bar injin na aiki cikin sanyi da safiyar hunturu, yana shan mai yana cin jikinsa.

In kuwa ƙaddara ta riga fata, mota ta ɗau zafi a hanya, to, a tsaya nan take, kada a ce bari a lallaɓa zuwa gari na gaba, domin 'yan mintoci kaɗan sun isa su mai da gyaran famfo ya zama gyaran injin. Kada kowa ya kusanci murfin lagireto sai tiyon sama ya huce ya yi laushi, gama ruwan da ke ƙarƙashinsa ya wuce tafasa, kuma na ga samari da tabon da za su shiga kabari da shi a fuska da ƙirji saboda gaggawar minti goma. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi cikin injin da ya yi jawur, ƙarfe zai iya tsagewa; a jira, sa'an nan a zuba a hankali injin na aiki.

Idan ya tabbata sai an sauya famfo, ku tuna araha ba ta ado. Ko a Mafara za a saya, ko Gusau, ko Sakkwato, ko a aika Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da tsohon a hannu, a jera su biyu, a ƙirga ramukan noti, a dubi tsawon sanda da faɗin farfela, a juya sabon a ji yana tafiya sumul da ɗan nauyi, ba ya rawa ba ya ƙara. Famfo na hannu da aka ciro daga wata mota, ba wanda ya san kwanakin da suka rage wa sil ɗinsa. A wasu injunan dizal famfon na bayan murfin bel ɗin taimin, saboda haka hikima ce a haɗa aikin biyu a rana ɗaya, a huta da biyan ladan kwancewa sau biyu.

Aikin kansa ba gagara ba ne ga mai natsuwa. A bar injin ya kwana ya huce, a cire kan batir, a tsiyaye ruwa a cikin roba. A sassauta altaneta a zare fambel, a kwance fanka da fuli, a zare tiyo. Notocin famfo sau da yawa tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka dattijon nan ya koya mini a zana siffar famfo a kan kwali, duk notin da aka ciro a soka shi a gurbinsa, domin dogon noti a gajeren rami yana iya fasa ƙarfe. Noti mai tsatsa a jiƙa shi da mai a ba shi lokaci, kada a yi masa ƙarfi ya karye a ciki. Sa'an nan a zo ga wurin da ake gane gwani: a kankare ragowar tsohon gasket daga jikin injin, a hankali, ba tare da an yi wa ƙarfen rauni ba, har yatsa ya bi fuskar ya ji ta kamar tangaran. Ragowar da ba ta fi ƙwayar gero ba ta isa ta sa sabon famfo yoyo. A sa sabon gasket, in za a shafa gam a shafa siriri, domin wanda ya yi yawa yakan ɓalle ya shiga lagireto. A ɗaura notoci duka da hannu tukuna, sa'an nan a bi su da sifana kaɗan-kaɗan, wannan da na daura da shi, har su zauna daidai. A wanke lagireto, a sauya tiyon da ya kumbura ko ya tsattsage, a mayar da fuli da fanka da fambel da tiyo da kan batir, a zuba ruwa sannu-sannu, a tayar da injin murfi na buɗe har tiyon sama ya yi zafi, kumfar iska ta gama fita, a cika, a rufe. Washegari da safe, kafin a ɗora ko buhu ɗaya, a sake duba ruwa, a sake sunkuyawa da tocila.

Ku masu koyon gyara, ku ji tsoron Allah a kan abin da mai mota ba zai gani ba. Fuskar da kuka kankare, da notin da ke can ƙasa inda hannu ke isa da ƙyar, da gaskiyar ko sabon kaya kuka sa ko wankakken tsoho, duka suna ɓoye ga mai biyan kuɗi, amma a rubuce suke. Algushu a cikin sana'a haramun ne kamar tauye mudu a kasuwa, kyautata aiki kuwa ibada ce. Ku direbobi da yaran mota, kada kunya ko tsoron faɗan maigida ya hana ku faɗin abin da kuka gani. Ku masu mota, idan yaro ya zo muku da labarin ɗigo, ku gode masa, domin wanda aka yi wa tsawa yau gobe shiru zai yi.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma gaskiya ne babu mai tsere wa abin da Allah ya hukunta. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore riƙon sababi, kuma wanda ya ga alama ya kau da kai, sakacinsa za a tambaye shi. A wannan zamani da kowa ya san halin rashin tsaro da hanyoyin dajinmu ke ciki, musamman ta wajen Maradun, mutuwar mota bayan la'asar ta wuce asarar dukiya, ta zama kasada da rayukan bayin Allah da suka shiga suka zauna bisa amincewa da ku. Ba su duba fambel ba, ba su leƙa ƙarƙashin famfo ba. Ku suka wakilta.

Don haka gobe, bayan kun idar da sallar asuba, kafin ku murɗa makulli, ku durƙusa a gaban motar ku dubi ƙasa. In kun ga ta bushe, ku yi hamdala ku kama hanya. In kuwa kun ga ɗigo, ko da guda ɗaya ne, ku amsa masa a ranar. Allah ya tsare ku a hanya, ya sa albarka a cikin sana'arku, ya mai da ku gida lafiya tare da waɗanda kuka ɗauka. Amin.